Manhajar da Ta Ƙi Jajayen Shanu

Ofishinmu na farko gidan haya ne a unguwar Limawa cikin Dutse, ɗaki biyu da falo. Tebura uku muka jera a falon, kicin ya zama ma'ajiyar batura, ɗaki ɗaya na mai kamfanin, ɗayan kuma na sallah da cin abinci. Maƙwabta sun daɗe suna zaton gyaran waya muke yi. Har yau akwai wata tsohuwa a layin da ba ta yafe mini ba saboda na kasa farfaɗo da rediyonta.

Mu uku ne. Mai kamfanin, wanda muke kira Yallaɓai, tsohon ma'aikacin kula da lafiyar dabbobi ne da ya yi ritaya. A ruga aka haife shi, can bayan Kiyawa, kuma ko da yake ya shekara talatin yana sa hula da biro a aljihu, in ya ga garke a hanya sai ya rage gudun mota. Bai iya rubuta manhaja ba, bai kuma taɓa cewa ya iya ba. Shi dai ya san abin da ake bukata a daji. Sai abokin aikina, wanda ya riga ni zuwa da shekara biyu, shi ya rubuta kusan duk manhajar. Malam nake ce masa, shi ma yana jin daɗin hakan. Ni ne na ƙarshen zuwa. Ranar da Yallaɓai ya ji cewa kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, ya tafa hannu ya ce Allah ya kawo masa abokin wasa har ofis. Daga ranar sunana ya ɓata, na koma ɗan Barebari.

Aikin manhajar ba shi da wuyar fahimta. Malaman dabbobi suna fita rugage lokacin allurar rigakafi da waya a hannu. Duk saniyar da aka yi wa allura, sai malami ya zaɓi mai ita daga jerin da ke cikin wayar, ya zaɓi irin allurar, ya rubuta kamannin saniyar da hannunsa, ya danna a ajiye. Shi ke nan.

Wahalar tana wajen ƙorafi. In manhaja ta ba da matsala a daji, Yallaɓai ake kira, domin malaman duk tsofaffin abokan aikinsa ne. Shi kuma yana da wani ƙaton littafi mai baƙin bango. Sai ya rubuta: "Kiyawa. Ta ƙi." Ya kawo mana.

"Yallaɓai, me ta ƙi?"

"Ai ta ƙi."

"A wane shafi? Me ya danna?"

"Ɗan Barebari, mutumin nan yana tsaye tsakanin ƙahonni, kana so ya tsaya ya yi maka tafsiri?"

Abin haushin shi ne muna da kayan aikin da za su raba mu da wannan. Akwai manhajar sa ido, wadda duk lokacin da tamu ta yi tuntuɓe a wayar wani, take ɗaukar bayanin: wace waya ce, wane shafi, wane layi ne ya karye, me aka rubuta. Akwai kuma allon tikiti, inda ni da Malam muke rubuta ayyukan da ke jiranmu, kowane aiki da tikitinsa, in an gama a rufe. Sai dai biyun ba su san juna ba. Allon muna buɗe shi kullum. Manhajar sa idon kuwa Malam ya kafa ta tun kafin na zo, ya manta lambar sirrinta, ta zauna tana tara labari babu mai sauraro.

Na ce a haɗa su. Duk kuskuren da ya faru a daji, tikiti ya buɗe kansa a allonmu da cikakken bayani. In mun rufe tikitin, mai sa ido ta san an gyara. In kuskuren ya dawo, tikitin ya sake buɗewa.

Yallaɓai ya cire tabarau ya dube ni.

"Wato waya ce za ta kawo ƙarar kanta?"

"Haka ne, Yallaɓai."

"Ba sai an kira ni ba?"

"Ba sai an kira ka ba."

Ya shafa bangon littafinsa. Sai a lokacin na lura da abin da na faɗa. Kiran nan da muke gani wahala, shi ta nan yake jin lafiyar mutanensa, wa ya aurar da 'ya, wa ya rasa sa. Don in gyara ɓarnar bakina, sai na ce ai zan sa duk tikitin da ya buɗe a turo masa saƙo a wayarsa, shi ne zai fara sani. Fuskarsa ta saki.

"To, yi. Amma in Babarbare ya ce zai sauƙaƙa maka aiki, ka ƙara ɗaure akuyarka."

Ranar Alhamis da yamma na gama haɗawa. Na gwada sau biyu, na jawo kuskure da gangan, tikiti ya fito tsaf, wayar Yallaɓai ta yi ƙara sau biyu, ya karanta da murmushi. Na tafi gida ina jin kaina. Litinin za a fara rigakafi.

Litinin ɗin Yallaɓai bai fara zuwa ofis ba, ya wuce ta'aziyyar wani surukin ƙaninsa. Abin da ya faru a can daga bakin direbansa muka ji daga baya. An shimfiɗa tabarmi, liman ya ɗaga hannu, aka yi tsit, sai wayar Yallaɓai ta ce ƙil. Ya share. Ta ce ƙil, ƙil. Ya sa hannu a aljihu ya danne ta, ta ci gaba. Bai san inda ake rage mata murya ba, jikarsa ce ke yi masa. Ƙarshe dai zama ya yi a kanta, aka shafa fatiha tana kuka a ƙarƙashin babbar riga kamar an danne ɗan tsako.

Wajen sha ɗaya ya shigo. Ya yi sallama a taƙaice, ya ajiye wayar a teburina. Tana ta karkarwa, tana matsawa da kanta zuwa bakin tebur.

"Ga magulmaciyarka," ya ce. "Tare ta kar ta faɗi."

Na buɗe allo. Tikiti sun haura ɗari uku, suna kuma ƙaruwa ina kallo. Laifina ne tsantsa. Na ce kowane kuskure ya buɗe tikiti, ban ce in kuskure ɗaya ne ke maimaita kansa a tara shi wuri guda ba. Na kashe saƙonnin da ke zuwa wayar Yallaɓai, na ba shi haƙuri, ya shige ɗakinsa yana cewa da ma an gaya masa.

Malam ya zagayo bayana ya leƙa. Shi mutum ne mai son allo ya zama fes. Duk Juma'a yakan ɗauki hoton allon in babu aikin da ya rage, ya tura wa Yallaɓai.

"Matsa," ya ce. "Wannan ai tarkace ne."

Ya zaɓe su gaba ɗaya, ya danna rufewa, ya rubuta "an duba". Allo ya yi fari. Ya koma kujerarsa ya buɗe ledar gyaɗa.

Ba a yi minti goma ba suka fara dawowa. Ɗaya bayan ɗaya suke buɗewa, kowanne ɗauke da rubutu a samansa: wane ya rufe wannan da ƙarfe kaza, kuskuren ya sake faruwa. Sunan Malam ya jeru daga saman allo har ƙasa kamar jerin masu cin zaɓe. Ya tsaya da gyaɗa a hannu.

"Kai ka sa ta ta riƙa faɗin suna?"

"Haka take, Malam."

"Wannan abu ba shi da sutura. Ko maƙiyi ai yakan bar mutum ya gama cin gyaɗarsa."

Yinin Talata na yi ina gyara haɗin, na koya wa mai sa ido ta riƙa gane kuskure iri ɗaya, ta buɗe masa tikiti guda, ta riƙa ƙara masa lamba kawai in ya sake faruwa. Da na gama, ɗaruruwan nan suka koma huɗu. Uku ƙanana ne, kafin la'asar mun kawar da su. Na huɗun shi ne ya haifi kusan duk sauran, kuma daga waya ɗaya yake fitowa, ta wani dattijon malamin dabbobi da ke aiki a rugagen Kiyawa. Yana danna a ajiye, rumbun bayananmu ya ƙi karɓa. Wani lokaci kuma ya karɓa lafiya lau. A waya ɗaya, a wuri ɗaya, tsakanin minti biyu.

Ni na ce wayar ce ta tsufa. Malam ya ce sabis ne, ya san wajen, sai an hau tudu ake samun kira. Na nuna masa cewa akwai masu irin wayar a Kafin Hausa kuma ba su da matsala. Ya nuna mini cewa ni ban taɓa zuwa ruga ba. Muka yi ta jayayya har Laraba da hantsi, kowa yana ƙara wa tikitin dogon sharhi da Turanci don ɗayan ya karanta, alhali tsakanin teburina da nasa bai fi taku biyu ba.

Yallaɓai ya gaji da jin mu ta bango. Ya fito.

"Ku buga mini shi a takarda."

Muka dubi juna. Buga tikiti a takarda, a wajenmu, kamar a ce a ɗebo ruwan famfo a kai rijiya ne. Malam ya ce, "Yallaɓai, duk rubutun kwamfuta ne, ba za ka..." sai ya haɗiye sauran. Na tashi na buga shafi shida na miƙa masa.

Ya zauna a kujerata, ya sa tabarau, ya lashi yatsa. Duk layukan da muka kwana biyu muna kallo ya tsallake su, domin ba su ce masa komai ba. Idonsa ya sauka a kan ɗan gurbin nan na kamannin saniya, wanda mu ba mu ko kalla ba saboda da Fulatanci dattijon yake cike shi. Ya fara karantawa a hankali.

"Woɗeeye. Ɓaleeye. Woɗeeye. Woɗeeye. Ɓaleeye." Ya ɗago. "Ja, baƙa, ja, ja, baƙa. To ina farare?"

"Farare, Yallaɓai?"

"Wace ruga ce a ƙasar nan babu farar saniya? Ai su suka fi yawa. Buɗe mini waɗanda suka shiga lafiya."

Na buɗe. Daga sama har ƙasa kalma ɗaya ce: daneeye, daneeye, daneeye. Fara, fara, fara.

Yallaɓai ya kwantar da baya, dariya ta kama shi har sai da ya cire hula.

"Shekara biyu ina ciyar da manhaja ashe mai wariyar launi ce! Fara ta wuce, ja da baƙa su tsaya a waje!"

Ni na riga Malam ganewa da daƙiƙa kaɗan, amma na bar shi ya faɗa, don haƙƙinsa ne. Haruffa masu ƙugiya ne. Lokacin da ya kafa rumbun, ya bar shi a kan wani tsohon tsari da bai san ɗ da ɓ da ƙ ba. Sauran malamai suna rubuta "ja" ko "baki" da haruffan da waya ta zo da su, komai ya wuce. Wannan dattijon kuwa ya sa an saka masa allon rubutu mai ƙugiya, yana rubuta abin da makiyayi ya faɗa yadda ya faɗe shi.

Malam ya yi gyaran murya. "To ai da sauƙi. A kira shi a ce ya daina sa ƙugiya."

Yallaɓai ya mayar da hularsa.

"Malam, in na rubuta maka baƙin sa, me na ce?"

"Sa mai baƙin launi."

"In na cire ƙugiyar fa?"

Bai jira amsar Malam ba.

"Bakin sa. Kowane sa yana da baki. Mutum ɗaya ne a cikinsu yake rubuta daidai, shi za mu ce ya daina?"

Gyaran bai ci awa guda ba. Malam da kansa ya yi shi, ya kuma gwada da duk wata kalma mai ƙugiya da ya iya tunawa, har da wasu da ba na rubutawa a nan. Na kai hannu zan rufe tikitin, Yallaɓai ya ce in dakata.

"Gobe za ka raka ni Kiyawa. Tikiti ba ya ba mutum haƙuri."

Mun sami dattijon da hantsi a gindin wata tsamiya, shi da akwatin sanyin allura da makiyaya kamar goma. Dogo ne siriri, gemunsa fari tas, wayar tana rataye a wuyansa cikin jakar fata da aka ɗinka mata. Suka rungume juna da Yallaɓai, suka yi gaisuwar da ta kai tsawon huɗuba. Ni na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, ni ne ɗaya daga cikin masu haɗa manhajar. Mun zo ba da haƙuri."

"Allah sarki. Ai ba komai, ɗana."

"Me ya sa ba ka kira ba?"

"Bara na kira," ya ce, ba tare da wani zafi ba. "Aka ce in kashe in kunna. Na kashe na kunna. To bana sai na ce kar in dami mutane."

Ya nuna mini yadda yake yi. In ta ƙi, sai ya sake dannawa har sau bakwai, don a ganinsa abin da aka nema sau bakwai bai samu ba, ba rabo ba ne. Daga nan ya ciro littafin makaranta daga aljihu ya rubuta saniyar a ciki. Littafin ya kusa cika. Ashe kowace dannawa ta bawan Allah nan ita ce ƙil ɗaya a gidan ta'aziyya.

Sai ya rage murya ya gaya wa Yallaɓai abin da ya fi damunsa. Akwai wani makiyayi a rugar gaba, mai jajayen shanu da yawa, gadon mahaifinsa. Ranar Litinin yana tsaye ya ga waya tana karɓar fararen shanun mutane tana ƙin nasa, saniya bayan saniya. Wani ya ce wataƙila an sa shanun a jerin na sata. Maganar ta zagaya. Washegari mutumin ya kora sauran jajayen can cikin fadama, ya ƙi kawo su allura, ya kuma daina zuwa gindin tsamiyar.

Dariyar da na taho da ita daga Dutse ta ɓace nan take. Kwana uku ina kallon abin nan a matsayin layi ja a allo.

Yallaɓai ya sa aka kira mutumin. Ya zo da sandarsa a kafaɗa, ya tsaya nesa kaɗan, ya gaisa ba tare da ya dubi kowa ba. Yallaɓai ya tashi tsaye ya yi magana da Fulatanci, da ƙarfi yadda duk wanda ke wurin zai ji. Ban fahimci ko kalma ba. Na dai ga yana nuna wayar, yana lanƙwasa yatsa kamar ƙugiya, daga nan kuma ya nuna ni. Aka kwashe da dariya. Ya ƙara wata maganar, ya sake nuna ni, dariyar ta fi ta farko. Har mai jajayen shanun sai da ya sauke sandarsa ya rufe baki da hannu.

Na tambayi Baba me aka ce.

"Cewa ya yi laifin wayar ne, shanu ba su da laifi, mai su ma ba shi da laifi."

"Sai me kuma?"

"Sai ya ce Babarbare aka ba aikin, shi kuwa bai taɓa ganin saniya ba sai a cikin miya."

Ban ce ba ni na kafa rumbun ba. Malam yana Dutse, ni ke nan a gindin tsamiya, kuma na ga abin da dariyar ta yi wa fuskar mutumin.

Bayan azahar ya koro su. Jajaye ne masu dogayen ƙahonni, sun fi ashirin, suna tafe a natse. Aka kama ta farko, Baba ya yi mata allura, ya ɗago wayar daga ƙirjinsa. Makiyayan suka matso suka kewaye shi. Ya rubuta kalmar harafi bayan harafi, ya danna. Alamar kore ta fito. Ya juya fuskar wayar ya nuna wa mai shanun, ya daɗe yana riƙe da ita a haka, har sai da mutumin ya gyaɗa kai.

Sauran yinin a kan tabarma na yi shi, Baba yana karanto mini abin da ke littafinsa ina shigarwa. Sau uku yana kama ni na bar ƙugiya. Ba ya faɗa, sai dai ya sa farce a kan kalmar ya jira. Da muka tashi tafiya, mai jajayen shanun ya aiko da ƙwaryar kindirmo, ya ce a ba Babarbaren, don ya san aƙalla abin da ke fita daga saniya. A mota na rufe tikitin. Bai sake buɗewa ba.

Mako na gaba Yallaɓai ya ce in buɗe masa nasa gurbin a allon tikiti, in kuma koya masa yadda ake yi. Na zauna da shi kusan awa biyu. Ya rubuta matakan a takarda, ya sa na maimaita, ya kore ni ya ce zai gwada shi kaɗai. Can sai ga sabon tikiti ya faɗo, an sa masa alamar gaggawa mafi girma, an kuma ɗora shi a kan Malam. Muka buɗe da sauri.

"Fankar falo tana ƙara tun watan jiya," ya rubuta. "Na faɗa da baki sau huɗu."

Malam ya karanta, ya ɗaga kai ya dubi fankar, ya tashi ya tafi aro tsani wurin maƙwabta.